Shokozobar babur: kulawa da ingantawa a gida

Shokozoba ita ce abin da ke haɗa tayoyin babur da gangar jikinsa. Mutane da yawa sun ɗauka amfaninta kawai rage jijjiga ne a kan gargada, alhali babban aikinta shi ne riƙe taya a ƙasa, domin tayar da ke tsalle ba ta cin birki, ba ta kuma riƙe kwana. Abu biyu ne ke aiki a cikinta: sifirin da ke ɗaukar nauyi, da mai da ake tursasa wa bi ta ƙananan ƙofofi don ya hana sifirin ɗin yin ta lilo.

A gaba, yawancin babura na amfani da bututu biyu masu shige wa juna, tsarin da kamfanin BMW na Jamus ya fito da shi da mai a ciki a babur ɗinsa R12 a 1935. A baya kuwa, ko dai shokozoba biyu a gefe da gefe, ko guda ɗaya a tsakiya, wadda kamfanin Yamaha ya yi suna da ita a tseren ƙasa, wato tseren babura a kan turɓaya, a 1973.

Matakin farko na saita shokozoba, wanda aka fi tsallakewa, shi ne auna nutsewa. A ɗaga babur har tayar baya ta bar ƙasa, a auna daga ƙusar taya zuwa wata alama a jikin babur da ke saitinta. A sauke shi, mahayi ya hau da kayan da ya saba ɗauka, wani ya riƙe masa, a sake aunawa. Bambancin shi ne nutsewar. Ana son ta kai kusan kashi ɗaya cikin uku na iyakar tafiyar tayar sama da ƙasa: wajen milimita 30 zuwa 35 a babur ɗin kwalta, kusan 100 a bayan na tseren ƙasa. Idan ta zarce, sai a ƙara matse sifirin da zoben da ke jikinsa. A nan ne ake yawan kuskure. Matse sifirin ba ya ƙara masa tauri, tsayuwar babur kawai yake sauyawa. Wanda ya matse har ƙurya bai samu awon ba, sifirin ɗin ne bai dace da nauyinsa ba, kuma sayen wanda ya dace ya fi masa duk wani gyara mai tsada.

Man bututun gaba yana tsufa, ya yi baƙi da garin ƙarfe. Kafin a zare bututun, a sassauta ƙusar maɗaurin sama cikin maɗaurai biyu da ke riƙe shi a jikin babur, sannan a ɗan kwance murfin bututun tun maɗaurin ƙasa na riƙe da shi. A danne murfin da hannu, don sifirin na tura shi. Bayan an tsiyaye tsohon mai an zuba sabo, a yi ta tura bututun sama da ƙasa har kumfa ta ƙare, sannan a auna tazarar mai daga baki, babu sifirin a ciki, bututun kuma a danne. Wajibi ne ɓangarorin biyu su zo daidai. Lambobin kaurin mai irin su 5W da 10W ba su da ma'auni guda tsakanin kamfanoni, saboda haka gara a tsaya kan abin da littafin babur ya ce.

Zoben mai a jikin bututu alama ce robar da ke tare shi ta fara yoyo. Sau da yawa ƙwayar yashi ce ta maƙale, ana iya zaro ta da siririyar roba. Idan tsatsa ta ci bututun, sabuwar robar ma za ta yage. Man da ya kai ga birki kuwa haɗari ne, a canza takalman birkin, kada a ce za a wanke.

Shokozobar baya ba ta da aiki da yawa a gida: a wanke ta, a sa giris a boris da bushin, a duba ko akwai girgiza. Masu iskar naitirojin suna ɗauke da matsi mai ƙarfi, buɗe su aikin ƙwararre ne. Mai son canza ta da ta kamfanin Öhlins, Showa ko KYB ya tabbatar tsawonta ɗaya da tsohuwar, domin 'yan milimitoci na sauya yadda babur ke shan kwana. Idan tana da notin saiti, wato na daidaita ƙarfinta, a rubuta inda yake tun farko, a juya ɗaya kawai, a hau a gwada kafin a taɓa na gaba.