Yadda Ake Biyan Asibiti Kuɗin Jinyar Soja da Iyalinsa

Dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Mayun 2022 ita ta kafa hukumar inshorar lafiya ta NHIA a madadin tsohuwar hukumar NHIS. Sojoji na cikin tsarin ta hannun kamfanin DHML, wanda ke biyan asibitoci a madadinsu. A barikin Giginya da ke Sakkwato kake ko a Legas, inshorar ta ƙunshi kai da matarka ɗaya da 'ya'ya huɗu da ba su kai shekara 18 ba.

Biyan iri biyu ne. Asibitin da ka yi rajista a cikinsa yana karɓar ƙayyadadden kuɗi duk wata kan kowane mutum, ya yi ciwo ko bai yi ba. Daga nan za a cire kuɗin maganin zazzaɓi da awon ciki da ƙananan gwaje-gwaje. Idan ciwo ya fi ƙarfinsu, misali tiyata, sai a tura ka babban asibiti irin na Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a nemo lambar amincewa daga DHML, sannan a biya kan kowane aikin da aka yi.

Kowanne da illarsa. Kuɗin wata na sa asibiti tsumulmular magani, don abin da bai kashe ba nasa ne. Biya kan aiki kuwa na kwaɗaita yawan gwaji da kwantarwa, ko da ba a buƙata.

Shi ya sa ake batun hanya ta uku: a ware wani kaso na kuɗin, a ce ba za a biya asibiti shi ba sai an ga sakamako. Yara nawa suka kammala rigakafi? Masu hawan jini nawa jininsu ya sauka? Sojojin Amurka na sa irin wannan sharaɗi a kwangilolin inshorarsu ta TRICARE. A nan Najeriya ma an gwada a asibitocin farar hula na Adamawa da Nasarawa da Ondo, da kuɗin Bankin Duniya.

A ganina tsarin na da amfani, muddin ba asibitin ne zai ba kansa maki ba, don rubuta adadi a rajista ba wuya. Kuma sojan da aka kawo da raunin harsashi daga dajin Isa ko Sabon Birni jinyarsa doguwa ce mai tsada. Idan da arha kawai ake auna asibiti, irinsa za a fara gudu. Dole ladan ya tafi da nauyin ciwon da aka karɓa, kuma wani daga waje ya bi marasa lafiya ya tambaye su.