Tsofaffin gidajen dutse na Ingila: me ya sa mai gida ba ya iya canja ko taga?

Wane irin gida ne doka ta kare?

A Ingila akwai rajistar gine-ginen tarihi. Hukumar Historic England ce ke ba da shawara, ministan al'adu kuma ya sa hannu. Daraja uku ce: ta I, ta II mai tauraro, da ta II. Fiye da kashi 90 cikin ɗari suna ta II, kuma a nan yawancin ƙananan gidajen ƙauye suke. Ginin da aka yi kafin 1700, in dai bai sauya kama sosai ba, da wuya a tsallake shi. Na tsakanin 1700 da 1850 ma galibi suna shiga.

Akwai misalin da ya yi suna?

Arlington Row, wani jerin ƙananan gidajen dutse a ƙauyen Bibury da ke yankin Cotswolds. An gina shi wajen 1380 a matsayin ma'ajiyar gashin tumaki ta wani gidan ibadar Kirista. A ƙarni na 17 aka rarraba shi ya zama gidajen masaƙa. Yana daraja ta I, a hannun ƙungiyar National Trust mai kula da wuraren tarihi, kuma har yau akwai masu haya a ciki, duk da masu yawon buɗe ido da ke yi musu dafifi a ƙofa.

Mene ne abin kallo a irin wannan gini?

Rufin. Bangon kam dutse ne mai ruwan zuma da ake haƙa a yankin, mai kauri, tagoginsa ƙanana. Amma rufin ma dutse ne, falle-falle. Manyan fallaye ake jerawa daga ƙasa inda ruwa ya fi taruwa, suna raguwa sahu-sahu har ƙanana su hau tsololo. Ba ado aka nufa ba: haka ake cin moriyar duk abin da mahaƙa ta bayar, babba da ƙarami. Rufin yana da tsini ƙwarai don ruwan sama ya gangara da sauri, domin dutsen yana shan ruwa. Nauyi kuwa sai azara mai ƙarfi.

A ƙauyen Stonesfield, inda a da ake haƙar dutsen rufi, dabarar fasa dutsen ita ce a bar shi a jiƙe a fili lokacin hunturu, ƙanƙara ta tsaga shi da kanta. Shekarar da sanyi bai yi tsanani ba, aiki ya tsaya.

To, me aka hana mai gida?

Duk gyaran da zai taɓa kamannin ginin na tarihi, ciki ko waje, sai da izinin ƙaramar hukuma. Cire tsohon murhu, huda bango, sa tagar roba a maimakon ta katako. Wata doka ta shekarar 1990 ta mai da yin haka ba izini laifi, ana iya cin tara ko ɗaurin da ya kai shekara biyu. Wanda ya sayi gida kuma, ana iya tilasta masa warware ɓarnar da mai gidan baya ya yi.

Me ya sa ake tsoron siminti?

Tsofaffin magina da farar ƙasa suka haɗa duwatsun. Tana da laushi, tana barin laima ta fita. Siminti yana kulle ruwa a cikin bango, sanyi ya zo ya daskarar da shi, fuskar dutsen ta rinƙa ɓarewa. Duk wanda ya ga yaɓen siminti yana ɓallewa daga ginin ƙasa bayan damina ya san wannan ciwon. A ganina, mai gyara da kyakkyawar niyya da buhun siminti ya fi tsufa yi wa waɗannan gidaje illa.

Gwamnati na biyan kuɗin gyara?

Yawanci a'a. Mai gida ne ke ɗaukar nauyi, ga maginan da suka iya jera rufin dutse ba su da yawa, kuma mahaƙar Stonesfield ta daina aiki tun farkon ƙarni na 20. Shi ya sa tsofaffin fallaye ke tsada, har ɓarayi kan kwashe su daga rufin rumbuna da majami'u.