Ƙahon Namijin Muntjak: Tsirowa, Karkacewa da Gane Shekaru

Muntjak ƙaramar dabbar dawa ce daga dangin bareyin Asiya da Turai masu zubar da ƙaho kowace shekara. Asalinta kudanci da kudu maso gabashin Asiya ne. Nau'in da aka fi nazarinsa shi ne Muntiacus reevesi na kudancin Sin da Taiwan, wanda tsayinsa a kafaɗa bai cika wuce santimita 50 ba, nauyinsa kuma tsakanin kilo 10 ne zuwa 18. An kai shi gandun Woburn a Ingila wajen ƙarshen ƙarni na 19, daga baya ya bazu cikin dazuzzukan ƙasar, kuma a can aka yi mafi yawan binciken ƙahonsa. Yana haushi da ƙarfi, shi ya sa ake ce masa barewa mai haushi.

Babu muntjak a dajin Gana. Wanda ya saba ganin gada a kasuwar naman daji ta Atwemonom a Kumasi zai ga kamanni a girman jiki da sunkuyar da kai, amma ƙahonsu ba ɗaya ba ne. Na gada da mazo da rago ƙashi ne a cikin kube mai tauri, yana nan har mutuwa. Na muntjak ƙashi ne tsura, namiji kaɗai ke da shi, yana faɗuwa ya sake tsirowa.

Yadda ƙahon yake tsirowa

Ƙahon ba ya fitowa kai tsaye daga ƙoƙon kai. Yana zaune ne a kan wasu dogayen turaku biyu na ƙashi, lulluɓe da fata da gashi, waɗanda jijiyarsu ta gangaro ta goshi. Ƙahon kansa gajere ne, da wuya ya wuce santimita 10, yana lanƙwasa ciki, wani lokaci da ɗan reshe guda a gindi. Yayin tsirowa wata fata mai laushi mai jini a ciki ce ke ciyar da shi. Idan sinadarin namiji, wato testosteron, ya ƙaru a jini, sai fatar ta bushe, dabbar ta goge ta a jikin itace, ƙashin ya fito fili.

A Ingila manyan maza kan zubar da ƙaho a watan Mayu ko Yuni, sabo ya kammala wajen Agusta zuwa Satumba. Abin mamaki shi ne muntjak ba shi da lokacin barbara: macen na ɗaukar ciki na kimanin wata 7, kuma tana iya sake ɗauka kwanaki kaɗan bayan haihuwa. Namijin ma yana iya barbara ko da ƙahonsa na cikin fata. Saboda ana haihuwa a kowane wata, ɗan muntjak yana fara ƙahonsa na farko ne bisa shekarunsa, ba bisa yanayin shekara ba. Wannan ƙahon tsinke ne kawai, ba reshe, ba kuma zoben nan mai kaushi da ke gindin na manya. Wani ya zubar da shi yana ɗan shekara guda, wani sai ya kusa biyu, sannan ya shiga layin manya.

Ƙahon da ya saɓa al'ada

Mafi yawan ƙahonin da suka fito a karkace rauni ne ya jawo. Ƙaho cikin fata ɗanye ne. Idan ya bugi wayar shinge ko kututture yana iya karyewa ya warke a lanƙwashe, ko ya rabu biyu. Irin wannan aibin na shekara guda ne, yana tafiya da ƙahon in ya faɗi. Raunin turke kuwa ya fi muni, domin daga nan ne sabon ƙaho ke tasowa. Turken da ya karye ya haɗe a gicciye zai riƙa fitar da karkataccen ƙaho duk shekara, wani lokaci ma har da ƙarin tsiro na uku. A dangin bareyin nan an kuma lura cewa mummunan rauni a ƙafar baya kan nakasa ƙahon ɗaya ɓarin, na hagu in ƙafar dama ce.

Sai matsalar maraina. Namijin da ya rasa testosteron, ta rauni ko cuta, fatar ƙahonsa ba ta bushewa, ƙahon ba ya taurin da ya kamata, sai ya yi ta tsiro a dunƙule. An fi ganin mafi munin wannan a wata barewar Turai da ake kira ro, inda tsiron kan rufe ido, ƙuda su yi ƙwai a ciki. Dabba ce a cikin wahala, ba abin ado ba, ko da yake masu tara ƙaho na ɗokinsa.

Gane shekaru

Kuskure ne a ƙirga shekarun muntjak da tsawon ƙaho ko reshensa. Abinci, gado da lafiya duk suna taɓa su, kuma tsoho tukuf na iya fitar da ƙaho mafi ƙanƙanta fiye da na ƙuruciyarsa. Turke ya fi faɗin gaskiya. Na matashi dogo ne siriri. Kowace faɗuwar ƙaho tana tafiya da ɗan ƙashi daga samansa, don haka na tsoho gajere ne mai kauri.

Hujja mafi ƙarfi tana baki, kamar yadda mai sayen ragon layya a Zango ke buɗe bakin rago kafin ya yarda da maganar dillali. A matashi ana duba ko haƙoran nono sun faɗi, ko turmin ƙarshe ya fito. A babba ana duba yadda turame suka cinye, ko da yake irin abincin wuri na sauya saurin cinyewar. A ɗakin bincike ana yanka saiwar haƙori a ƙirga layukan da ke taruwa a jikinta.

Akwai kuma fiƙa. Namijin muntjak yana da dogayen fiƙoƙi biyu a sama, masu ɗan motsi a cikin dasashi, kuma da su yake sara a faɗa, ƙahon na turereniya ne. Yagaggen kunne, tabo a wuya da karyayyar fiƙa sun fi yawa a manya, kuma wanda fiƙarsa ta karye yakan rasa yankinsa ga wani. A cikin waɗanda ake kiwo a tsare an samu namijin da ya kai shekara 16. A daji, inda mota da mafarauta ke jiransa, kaɗan ne ke wuce 10.