Lasar da kare ke yi wa sauran dabbobin gida

Lasar juna ɗabi'a ce ta dabbobi masu zaman tare, inda wata ke lashe jikin 'yar'uwarta ko ta tsefe mata gashi da haƙora. Kare na yin ta ga karnuka 'yan'uwansa, yana kuma yi wa kyanwa, zomo, ɗan rago, duk dabbar da ya saba da ita a gida ɗaya. Dalilinta ba ɗaya ba ne, ana gane shi ne daga wurin da karen yake lasa da yadda ya riƙe jikinsa.

Asalin abin daga goyo yake. Da karya ta haihu, harshenta ne ke cire wa ɗan kwikwiyo tantanin haihuwa, ya busar da shi, ya zaburar da numfashinsa. Kusan mako 3 na farko ma ɗan ba ya iya fitsari ko kashi da kansa sai uwar ta lashe masa mara da gindin wutsiya. Shi ya sa karya mai shayarwa, ko wadda ta taɓa haihuwa, kan kama ɗan kyanwa ta danne shi da ƙafa ɗaya ta lashe shi tas, daga ka har wutsiya, kamar nata.

Lasar baki kuwa roƙo ce tun fil azal. 'Ya'yan kyarkeci, dangin da kare ya fito daga cikinsu, kan tarbi manya idan sun dawo daga farauta su dinga lasar gefen bakinsu har su harar musu da nama. Masanin dabbobi Rudolf Schenkel, wanda ya yi nazarin kyarketai a gidan namun daji na Basel a ƙasar Suwizalan, ya bayyana a 1967 cewa wannan roƙon ne ke rikiɗewa ya zama gaisuwar ladabi idan dabbar ta girma. Kare mai irin wannan lasa yakan sunkuyar da kai, ya kwantar da kunnuwa baya, ya yi ƙasa da wutsiya yana kaɗa ta. Neman zaman lafiya yake, ba wanka yake yi wa kowa ba.

Akwai kuma neman labari. A saman gandar kare, bayan haƙoran gaba, akwai kafar da ke kai wa wata gaɓa mai karanta sinadaran jiki, wadda ake kira da sunan likitan Danmak Ludwig Jacobson. Ta hanyar lasa kare kan gane inda kyanwa ta je da abin da ta ci. Wani lokacin ma ba wata hikima, ragowar madara ce a gashin bakinta, ko dauɗar kunne mai gishiri.

Sabo na da babban tasiri. Binciken da John Paul Scott da John Fuller suka wallafa a 1965 a Amurka ya nuna cewa daga mako 3 zuwa kusan 12 ne ɗan kwikwiyo ke koyon su wane ne nasa. A kan wannan ake renon karnukan gadin garke cikin tumaki da awaki tun suna ƙanana, kamar karnukan yankin Anatoliya na ƙasar Turkiyya da ake bai wa makiyayan Namibiya tun 1994. Irin wannan kare yakan lashe fuskar ɗan akuya, da haƙoransa na gaba kuma ya ciccije masa gashi yana neman ƙuma.

Ita kyanwa ba lallai ta ji daɗi ba. Harshenta mai kaushi ne, cike da ƙananan ƙayoyi masu taje gashi, na kare kuwa santsi ne, jiƙa ta kawai yake yi. Sau da yawa yana gamawa sai ta koma gefe ta sake wanke kanta. In ta maƙe kunnuwa tana bugun ƙasa da wutsiya, ta ƙoshi. Ga zomo da ɗan tsako kuma lamarin na buƙatar sa ido: karen da ya sandare, ya ƙura ido, yana dalalar da miyau, ba zumunci ne a ransa ba.

Maganar cewa miyan kare magani ne an zuzuta ta. Benjamin Hart da Karen Powell na Jami'ar Kaliforniya sun gano a 1990 cewa yana ɗan kashe wasu ƙwayoyin cuta irin su E. coli, amma bakin kare na ɗauke da wasu, kamar Pasteurella, kuma yawan lasa na hana rauni kamewa, yana warware ɗinki. Cutar haukan kare ma ta miyau take shiga buɗaɗɗen rauni, don haka rigakafi ya zama dole ga dabbobin da ke cuɗanya. Maganin ƙuma da kaska mai sinadarin permethrin da ake ɗiga wa kare a wuya guba ne ga kyanwa idan ta rama masa lasar, sai a raba su har ya bushe. Idan kuma kare ya nace wa wuri guda a jikin wata dabba, musamman kunne, likitocin dabbobi kan ce a duba wurin, domin ciwon da ya fara ruɓa yana sauya wari tun kafin mai gida ya gani.