Duti da motar hannu: abin da doka ta ce, da abin da ba ta ce ba

Maganganu biyu ne ke yawo a majalisu da wuraren sayar da motoci a Kano, kuma kowacce tana sa mai ƙaramin ƙarfi yin asara. Ta farko ita ce wai duk motar da ta haura shekara 12 ta zama haramtacciya, Kwastam za su bi ta su kama ko tana ƙofar gida. Ta biyu kuma wai da zarar mota ta samu lamba, an taɓa hawanta a gari, to maganar duti ta wuce. Ta farkon tana firgita mai sana'a ya bar Corolla lafiyayya da kuɗinsa suka isa, ya je ya ɗauko bashi. Ta biyun ta fi haɗari, domin ita ce ke sa magidanci ya zuba tarin shekaru a kan motar da za a iya raba shi da ita a hanyar Zariya, iyalinsa na tsaye a bakin titi.

Batun shekaru ba shi da wuyar warwarewa. Ƙa'idar tana cikin jerin kayan da aka hana shigowa da su ƙasar nan. A da shekara 15 ce daga shekarar ƙera mota, daga baya aka rage zuwa 12. Abin da take dubawa shi ne shekarun motar a ranar da ta shigo Najeriya. Ba ta yi magana a kan hawa, ko sayarwa, ko sabunta takardun motar da ta riga ta shigo bisa ƙa'ida ba. Corolla ƙirar 2006 da aka fitar daga tashar jirgin ruwa ta Legas a 2013, aka biya mata duti cikakke, halastacciya ce yau, kuma halastacciya ce in ta kai shekara talatin. Inda ya kamata mai saye ya buɗe ido shi ne idan an nuna masa mota ƙirar 2005 aka ce saukarta ke nan. A nan sai a duba kwanan watan da ke kan takardar Kwastam da shekarar da aka rubuta wa motar, a ga ko sun yi daidai da abin da ke tsaye a gabansa.

Maganar lamba ce ke buƙatar dogon bayani.

Duti haƙƙin gwamnatin tarayya ne a kan kayan da aka shigo da shi, kuma yana bin kayan ne duk inda ya tafi. Haka yake a tsohuwar dokar Kwastam, haka kuma yake a sabuwar da aka sa wa hannu a 2023. Kayan da ba a biya wa duti ba ana iya ƙwace shi a hannun duk wanda aka same shi, ko shi ne mutum na huɗu da ya saya, ko bai taɓa ganin iyakar ƙasa ba. Lambar mota kuwa daga ofishin lasin na jiha take fitowa. Hukuma daban, aiki daban. Lamba tana nuna an yi wa mota rajista don hawa titi, ba ta goge bashin da Kwastam ke bin ta. Shi ya sa idan dillali ya ce maka, "Alhaji, ai mai lamba ce, shekara biyar ana hawanta a Kano," bai amsa tambayarka ba. Mota tana iya yin shekara biyar tsakanin Kurna da Kantin Kwari ba wanda ya tambaye ta, ranar da aka ɗauki hanyar Kaduna biki a tsayar da ita.

Wasu kuma suna cewa Kwastam ba su da hurumi idan an wuce kilomita 40 daga kan iyaka. Wannan magana ta samo asali ne daga umarnin da shugabannin hukumar suka taɓa bayarwa game da inda za a kafa shingen bincike na dindindin. Umarni ne na cikin gida a kan shingaye, bai taɓa ikon da doka ta ba jami'ai na yin sintiri da kama kayan da ba a biya wa duti ba. A 2019 har wuraren sayar da motoci aka garƙame a manyan biranen ƙasar nan don binciken takardu.

Matsalar takarda ba iri ɗaya ba ce, kuma hukuncinsu ya bambanta. Akwai motar da ba a biya mata komai ba, wato ta fasa-ƙwauri. Tun 1 ga Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci, sababbi da tsofaffi, ta iyakokin ƙasa, ta bar tashoshin ruwa. Motocin da ake saukewa a Kwatano, a ratsa da su ta Nijar, a tsallako da su ta dajin Jibiya ko Maigatari, su ne asalin yawancin rigimar da ake yi a Arewa. Ka lura da kwanan wata a nan ma: 'yar Kwatano da ta shigo ta kan iyaka kafin 2017 aka biya mata duti a ofishin iyakar, takardarta ingantacciya ce. Sunan Kwatano kaɗai ba laifi ba ne. Amma takardar da ta nuna an fitar da mota ta kan iyakar ƙasa a 2019, alal misali, ita kanta shaida ce a kan motar.

Sai takardar bogi, wadda aka buga a shago, ko kuma takardar gaskiya ta wata motar daban da aka goge lambar cesis, wato lambar shaidar da kamfanin ƙera mota ya buga a jikinta, aka sa ta wannan. Idan jami'i ya shigar da lambar takardar a kwamfuta, ko dai ba za ta fito ba, ko ta fito da wata mota. A idon doka wannan motar ba ta da duti, kuma riƙe takardar jabu ƙarin laifi ne.

Na uku shi ne wanda ya fi rikita mutane: an biya, amma ba a cika ba. Wakilin da ya fitar da motar ya rubuta ƙirar 2009 alhali ta 2012 ce, ko ya ce mai haɗari ce don a rage mata ƙima. Takardar ta gaskiya ce, tana cikin kwamfuta, rasit ɗin banki ma na gaskiya ne, kuɗin ne bai kai ba. A irin wannan yawanci ana tsare motar ne a rubuta wa mai ita takardar neman cikon kuɗin, idan ya biya a sake ta. Don toshe wannan ƙofar ne aka kawo tsarin ƙiyasta duti ta lambar cesis a 2022, inda kwamfuta ke karanta ƙirar mota da shekararta da kanta. Motocin da suka shigo kafin nan su ne suka fi buƙatar a duba wannan.

Idan an kama mota a matsayin ta fasa-ƙwauri, ba jami'in da ke kan hanya ne ke da magana ta ƙarshe ba. Ana ba da takardar kamu, mai mota yana da damar shigar da da'awa a rubuce cikin wa'adin da doka ta ɗiba, kuma Babbar Kotun Tarayya ce ke tabbatar da ƙwacewa kafin a yi gwanjonta. Wa'adin gajere ne. Wanda ya ɓata makonni yana neman wanda ya san wani, sau da yawa sai ya tarar lokacin ya ƙure. A nemi lauya tun makon farko, a riƙe kwafin kowace takarda. A aikace kuma nauyin nuna cewa an biya duti yana kan mai motar ne.

A nan ne abin yake da ciwo. Motar ta wuce shingaye da dama kafin ta iso Kano, wani ofishin gwamnati ya karɓi kuɗi ya ba ta lamba, ana sabunta mata takardu duk shekara, sannan wanda zai ɗauki asarar shi ne malamin makarantar da ya saya da zuciya ɗaya. Lokacin da hukumar Kwastam ta yi yunƙurin tilasta wa duk masu motocin da ba a biya wa duti ba su je su biya a watan Maris na 2017, zamanin shugabanta Hameed Ali, irin wannan koken ne ya sa Majalisar Dattawa ta tashi tsaye har aka dakatar da shirin. Dakatar da shirin aka yi, dokar tana nan. A 2024 an buɗe ƙofa ta ɗan lokaci ga masu irin waɗannan motoci su biya duti da tarar kashi 25 cikin ɗari (daga baya aka dakatar da tarar), ban da motocin da kotu ta riga ta ƙwace. Irin wannan rangwame yana zuwa ne jefi-jefi, bai kamata mutum ya sayi mota yana dogaro da shi ba.

Abin da ya rage wa mai saye shi ne ya yi bincikensa kafin kuɗi su bar hannunsa, kuma binciken yana farawa ne daga lambar cesis. Haruffa da lambobi 17 ne, babu I, babu O, babu Q a cikinsu. Ana ganinta ta gilashin gaba a ɓangaren direba, da kan takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, da inda aka buga ta a ƙarfe, ko dai a bangon da ke bayan inji ko a ƙasa kusa da kujerar gaba. Duka su zo ɗaya. Shafa wajen da aka buga ta da yatsa: idan ka ji tudun walda, ko ka ga fenti sabo a nan kaɗai, ko haruffan ba su tsaya a layi ba, ka bar motar komai kyanta. A motocin Amurka da Kanada, harafi na goma shi ne shekarar ƙira: 1 zuwa 9 na nufin 2001 zuwa 2009, A 2010, B 2011, C 2012. Da wannan kaɗai za ka gane motar da aka canza wa fitilu da bamba don ta yi kama da sabuwar ƙira, ka kuma gane ko shekarar da ke takardar duti ta gaskiya ce.

Daga nan ka karɓi takardun Kwastam na asali, ba hoto a waya ba: takardar bayanin kaya da ake kira SGD, takardar ƙiyasin kuɗi, rasit ɗin banki, da takardar fita daga tasha. Ka kwatanta lambar cesis harafi da harafi. Sannan a je ofishin Kwastam na shiyyar Kano da Jigawa da ke Bompai a tantance, a tambayi abu biyu: shin takardar ta wannan motar ce, kuma shin kuɗin da aka biya ya cika? Ka je da kanka ko ka aiki naka. Kada ka bar ɗan kamasho ya je ya dawo maka da labari, domin la'adarsa tana kan cinikin ya faɗa. Mai motar da ya ƙi a je tantancewa, ko ya ce akwai wani mai saye yana hanya, ya riga ya gaya maka abin da kake son sani.

Masu neman otomatik don kai yara makaranta da zirga-zirgar uwargida sukan ƙarar da duk hankalinsu a kan giya, kuma suna da gaskiya, sai dai a yi shi bayan takarda. A tayar da motar da safe tana sanyi, a taka birki a sa D, sannan R. Ya kamata ta kama cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu ba tare da bugu ba. A zaro sandar man giya idan tana da ita: ja mai haske lafiya ne, baƙi mai ƙaurin ƙuna yana nufin faifan ciki sun fara ci. A hau ta aƙalla minti 20, har da cunkoso, domin giyar da ta gaji sai ta ɗau zafi take fara zamewa, inji yana ihu mota ba ta gudu. A sa sikana, wato na'urar da ke karanta matsalolin mota daga kwamfutarta, ko da fitilar gargaɗi ba ta kunna ba, saboda ana cire ƙwan fitilar. Corolla ta 2003 zuwa 2008, da Vibe, da Camry mai silinda huɗu suna da giya mai juriya, kuma kayan gyaransu na nan a kasuwar Ƙofar Ruwa. Sienna ta fi ɗaukar iyali amma ta fi shan mai. Mota mai giyar CVT, wani nau'in otomatik da ke cikin Nissan da yawa, tana da man giyarta na musamman, idan aka zuba mata na gama-gari ta tafi. Duk da haka giyar da ta mutu ana sauke ta a ɗora wata, ba ta shafi takardun mota. Idan inji aka canza, a riƙe rasit ɗin inda aka saye shi, domin lambarsa za ta saɓa da ta fatikula.

A rubuta yarjejeniyar ciniki da shaidu biyu, a sa lambar cesis, da kwafin katin shaidar mai sayarwa, da jimla guda a fili: idan aka samu matsala a duti ko mallaka, mai sayarwa zai karɓi motarsa ya mayar da kuɗi gaba ɗaya. Wannan ba zai hana Kwastam kama mota ba, amma shi ne abin da alƙali zai riƙe idan ka kai ƙara. A biya ta banki, zuwa asusun mai sunan da ke cikin yarjejeniyar.

Cikin kasafin kuɗin a ware na canjin mallaka a ofishin lasin, kada a bar mota da sunan tsohon mai ita. A ware na inshora kuma: tun Janairun 2023 mafi ƙarancin inshorar motar gida naira 15,000 ce a shekara, tana biyan ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan 3, kuma 'yan sanda sun tsaurara bincikenta daga Fabrairun 2025. Wadda ake sayarwa a bakin ofis a kan naira dubu uku ko biyar ba ta cikin rajistar kamfanonin inshora, kuma ana iya duba lambar mota a intanet a gani kafin a bar wajen.