Mayaƙan Viking Ba Su Sa Hular Kwano Mai Ƙaho Ba

A shagunan gem na Tudun Wada da Kawo, yara da yawa sun ɗauka da hular kwano mai ƙaho mayaƙan Viking, wato mayaƙan arewacin Turai na zamanin da, ke fita yaƙi. Ba laifinsu ba ne, haka gem ke nuna su.

Har yau masu tono kayan tarihi ba su samu irinta daga zamanin Viking ba, wato 793 zuwa 1066. Hular kwanon Viking da aka tono a ƙasar Norway a 1943 ta ƙarfe ce, babu ƙaho. Masu zane da masu ɗinka kayan wasan kwaikwayo a ƙarni na 19 ne suka yaɗa wannan siffa. A fagen fama ma, ƙaho matsala ne ga mai hular, don sai ya riƙe takobin abokin gaba.

In ka ga abu a gem, nemi hotonsa a shafin gidan tarihi, ka duba shekarunsa. A tura wa ƙanne su karanta.