Komawa Ɗaga Ƙarfe Bayan Rauni: Amsar Tambayoyin 'Yan'uwa a Legas

Na daɗe ina ɗaga ƙarfe a Agege, kuma akwai lokacin da ciwon kafaɗa ya zaunar da ni wata biyar. Tun da na dawo, samari da magidanta daga Idi-Araba, Mile 12 da Obalende suke tare ni da tambayoyi, wasu kan ciwo, wasu kan idon jama'a. A wurina maganar ɗaya ce, domin mafi yawan waɗanda na ga sun sake jin rauni, kunya ce ta sa suka ɗora nauyin da jikinsu bai shirya masa ba.

Yaya, ciwon ya daina. Shi ke nan na warke?

A'a ƙanena, ciwo yakan riga rauni tafiya. Tsoka tana samun jini sosai, don haka tana saurin gyaruwa, amma jijiyoyin da ke haɗa tsoka da ƙashi da waɗanda ke riƙe gaɓa jini kaɗan ne ke isa gare su, shi ya sa suke cin watanni. Karaya a jikin babba yawanci tana ɗaukar mako 6 zuwa 12 kafin ƙashin ya haɗe, kuma haɗewa daban, ɗaukar nauyi daban.

Gwada gaɓar da 'yar'uwarta. Tana lanƙwasawa tana miƙewa kamar ɗayar? Idan ka yi aiki da ita, tana wayar gari da kumburi? Ko amsar ta yi maka daɗi, ka bari likitan gashin ƙashi ya duba ka. Akwai Asibitin Ƙashi na Ƙasa da ke Igbobi, ga asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) a Idi-Araba, ga na Jami'ar Jihar Legas (LASUTH) a Ikeja. Na san da yawanmu wurin mai ɗori muke fara zuwa, kuma ban raina sana'arsu ba, amma hannu ba ya ganin abin da hoto ke gani.

Da kilo nawa zan fara?

Da sanda zalla, wato dogon ƙarfen da ake zura wa faifan nauyi. Cikakkiyar sandar maza kilo 20 ce, ta mata kilo 15. Ka yi mako ɗaya ko biyu da ita, sannan ka hau a hankali zuwa kamar rabin abin da kake ɗagawa a da. Daga nan ƙarin kilo biyu da rabi a mako ya isa, muddin gaɓar ba ta yi ƙorafi washegari ba.

Jikin da ya taɓa horuwa yana saurin dawo da ƙarfinsa fiye da na sabon shiga, kuma a nan tarkon yake. Cikin 'yan makonni za ka ji tsoka tana neman ƙari alhali jijiya ba ta kamo ta ba. Masu atisaye a wuraren unguwa, inda ake zuba siminti a gwangwani a soka ƙarfe, su ƙara kula: sau da yawa gefe ɗaya ya fi ɗaya nauyi. A ari sikeli a auna, a rubuta kilon a jiki.

Ta yaya zan bambance tsamin jiki da ciwon haɗari?

Tsamin jiki yana cikin nama, yakan tsananta kwana ɗaya zuwa uku bayan atisaye, kuma yana sassautawa idan jiki ya ɗumama. Ciwon da ke suka a cikin gaɓa, ko yake ƙaruwa da kowace ɗagawa, ko ya hana ka barci, wannan umarni ne na ka ajiye ƙarfe. Idan ciwon baya ya zo da sagewar ƙafa, ko mutuwar fata a tsakanin cinyoyi, ko kasa riƙe fitsari, asibiti za ka nufa a ranar. Haka kullutun da ke ɓullowa a mara idan ka yunƙura, domin yana iya zama ƙaba.

Ina roƙonka da Allah, kada ka sha maganin kashe zafi don ka iya ɗagawa. Tiramol da ire-irensa suna toshe bakin ciwo ne kawai, raunin yana nan yana faɗaɗa. Yawan shan diclofenac da ibuprofen kuma yana taɓa ciki da ƙoda.

Malam, a da ina tura kilo 100 a benci, yanzu 40 tana ba ni wahala, ga tumbi ya fito. Da wane ido zan kalli yaran da na koya wa?

Wannan tambayar ta fi sauran taɓa ni, domin na tsaya a inda ka tsaya. Ranar da na dawo, na kai bakin ƙofa na juya gida. Mutumin da aka sani da ƙarfi, idan jikinsa ya zube, ji yake kamar an kwance masa zani a kasuwa.

To amma idanun da kake tsoro ba su kai yawan da zuciyarka ke ƙirgawa ba. A shekarar 2000, Thomas Gilovich na Jami'ar Cornell a Amurka da abokan aikinsa sun wallafa wani gwaji: aka sa ɗalibai suka saka rigar da suke jin kunyarta, suka shiga ɗakin da wasu 'yan ɗalibai ke zaune. Sun zaci kusan rabin ɗakin sun lura da hoton da ke jikin rigar, ashe kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai. A wurin atisaye ma kowa ƙirgensa yake yi yana kallon kansa a madubi.

Wanda ya kamata ka yi hattara da shi shi ne abokin da zai ce, "Haba oga, wannan ai na yara ne, a ƙara masa faifai!" Ba ƙeta yake nufi ba, amma ba shi zai kwana da kafaɗar ba. Ka ce masa kai tsaye, "Daga jinya na taso, a hankali nake bi." Da zarar ka furta, nauyin ɓoye-ɓoye ya sauka, kuma sau da yawa shi ne zai tsaya a kanka ya tare maka sanda. Ka rubuto abin da za ka yi tun daga gida, don kada ihun wuri ya sauya maka lissafi. Idan cunkoso ke takura ka, je bayan sallar asuba ko da hantsi, lokacin da mutane suka tafi aiki.

Ni nakan tuna da Lucy Ejike, wadda shan inna ya ɗora a keken guragu, ta kuma ciyo wa Nijeriya zinare a ɗaga ƙarfe na nakasassu a Bejin a 2008 da Riyo a 2016. Ita ma a gaban mutane ta yi atisayenta.

Ni mace ce, bayan jinyar gwiwa ina so in koma, amma sutura da cakuɗuwa da maza suna damuna.

'Yar'uwa, damuwarki a kan hanya take. Ki tambayi wurin ko suna da lokacin mata ko koci mace kafin ki biya kuɗin wata. Wando mai faɗi, riga mai tsawo da ƙaramin hijabin da ba ya reto sun wadatar, sai dai ki guji mayafin da zai iya maƙalewa a inji. Idan ba ki samu wurin da hankalinki ya kwanta ba, robar ja da ƙananan ƙarafa biyu a gida za su riƙe ki watannin farko.

Abinci fa, da lokacin azumi?

Nama mai gyaruwa yana bukatar abinci mai gina jiki da barci. Wake, ƙwai, kifi, awara da kindirmo sun isa, ba sai ka sayi garin gwangwani mai tsada ba. Zafin Legas da gumi suna zuƙe ruwan jiki, don haka gorar ruwa ta zama abokiyar tafiyarka. A watan Ramadan ka mayar da atisaye bayan buɗa baki ko bayan tarawihi, ka riƙe nauyin da kake kai ba tare da ƙari ba, sai bayan sallah ka ci gaba da hawa.